Kunne Ɗaya, Ƙofa Biyu

Bari yau in faɗa muku abin da na daɗe ina kewaye-kewaye a kansa, tunda wasunku sun ishe ni da tambaya, wai me ya sa ba na ɗaga waya sai dai rubutu. Ba yanga ba ce, 'yan uwa. Ba na ji sosai. To ga shi na faɗa, kuma ƙasa ba ta tsage ba.

Ba wai ba na ji sam ba. In ka tsaya a gabana, haske na dukan fuskarka, ka buɗe baki sosai, zan kama rabin maganar da kunne in ƙarasa rabi da ido. Amma in ka sunkuyar da kai, ko ka yi magana ta bayana, to da kai da firij ɗinmu duk ɗaya kuke a wurina, na dai san wani abu na gurnani. Wani zazzaɓi ne ya kwantar da ni ina 'yar makaranta, da ya tashi tafiya ya haɗa da rabin jina, ko sallama bai yi ba.

A shagon ɗinkin da nake aiki ba wanda ya damu, don ƙarar kekuna ta mayar da kowa irina. A gida ne abin ya zama babban sirri. Mama ta hana a faɗa wa kowa, kuma ba na ganin laifinta. Akwai wani da ya fara nemana, mai turare kamar ya yi ɓarin kwalba a jikinsa. Ranar da ya gane, ya ce bari ya je ya sa kati a waya ya dawo. Har yau yana can yana sa katin. Mama ta fi ni kuka, ta kuma rantse ba wanda zai sake sani sai bayan an ɗaura.

Ana haka sai ga Mai Gilashi. Iska ce ta fasa mana tagar falo, aka kira shi gyara. Tagar da awo ɗaya ya ishe ta, sai da bawan Allahn nan ya auna ta sau uku. Washegari ya dawo wai ya manta abin awonsa. Bayan kwana biyu ya dawo wai ya manta fensir. Da kayan mantuwa suka ƙare masa, sai ya fito fili ya gaya wa Mama abin da ke kawo shi.

Dogo ne, mai tsabta, hannunsa duk ƙananan tabon yanka. Matsalarsa biyu. Ta farko, kunya gare shi kamar me, in zai yi magana takalminsa yake yi wa. Ta biyu, gashin baki gare shi wanda ya rufe leɓen sama ruf. Ko da zan kwanta a ƙasa in leƙa bakinsa, ba abin da zan karanto.

Nan Gwaggo ta shigo cikin lamarin. Yayar mahaifina ce, tun da mijinta ya rasu take zaune da mu, ba ta da ɗa ba ta da jika. Kafin zuwan Mai Gilashi aikinta a gidan biyu ne, shan maganin ƙafa da cewa gishiri ya yi yawa. Ita ta kawo dabarar.

"Akwai labule a bayan kujerar da take zama," ta ce wa Mama. "Zan sa 'yar kujerata a bayansa. Duk abin da ya faɗa in rubuto mata a waya, in haɗa mata da amsa. Ita dai ta ɗora wayar a cinya, ta rufe da mayafi, ta sunkuyar da kai. Zai ɗauka kunya ce."

"Yaya, da yatsa ɗaya kike rubutu fa," in ji Mama.

"To sai me? Yarinyar da ke amsa magana da sauri ai ba ta da aji."

Haka muka fara. Duk ranar da zai zo da yamma, tun bayan azahar Gwaggo ke sa wayarta a caji, ta goge tabarau, ta sha maganinta da wuri. Ni kuma in ci kwalliya, in zauna kai a ƙasa, shi ma kai a ƙasa. In ka shigo falon za ka rantse wani abu muka yar muke nema. Gurnaninsa zai tashi, ya tsaya, can sai cinyata ta yi zuuu.

"Ya ce tun da ya gan ki barci ya ƙaurace wa idonsa. Ki ce: Allah ya kawo sauƙi. Ki yi murmushi kaɗan, ban da haƙori."

In ce Allah ya kawo sauƙi, in yi murmushi ban da haƙori.

"Ya ce in kika ɗago ido ji yake kamar an ɗage masa labule da safe. Ki ce: haka ne, sai haƙuri."

Wani lokaci ina mamakin yadda amsar ba ta hawa kan maganar, amma Gwaggo ta ce haka manyan mata ke yi. Abin da ya fi ɗaure min kai shi ne saƙonninsa na waya. Mutumin da ke zuba irin waɗannan kalamai a falo, in ya koma gida abin da yake rubuto min shi ne "Na iso." Ko "To." Ranar da ya yi ƙoƙari sosai ya rubuto "Ana ruwa a nan." Na kai ƙara wurin Gwaggo, ta ce wasu mazan a baki zumarsu take, ba ta sauka yatsa.

Ni dai na faɗa. Ba zan ɓoye muku ba, son sa ya kama ni sosai. A shago in na sami sarari sai in buɗe saƙonnin Gwaggo in yi ta maimaitawa ina murmushi, har da haƙori. Amma ƙarƙashin daɗin akwai tsoro, don na san abin da nake ginawa a kan labule yake tsaye. Ran nan muna wanke-wanke na juyo na kalli Mama.

"Mama, in an yi auren fa? Da Gwaggo za a kai ni?"

"In mun kai nan ma san abin yi," ta ce, tana buɗe baki don in karanta.

Gwaggo ta leƙo ta tsaya a gabana. "To mene ne a ciki? Ai gidan ma da labule."

Kawu, ƙanin Mama, shi ya fara kawo maganar na'urar ji. Kawu mutum ne da bai taɓa sayen abu a kuɗinsa na gaskiya ba, kuma yana alfahari da haka. Ya shigo da wani kwali mai hoton dattijo yana ƙyaƙyata dariya, ya ce wurin mai sayar da tocila da maganin ɓera ya samo, wai yana ninka ji sau hamsin.

"Su asibiti cuta ce kawai," ya ce. "Abu ɗaya ne, kwali suke canzawa. Sa ki ji ikon Allah, Auta."

Na sa. Abin ya yi wani fito da ya sa kyanwarmu ta haye katanga. Cokali ya faɗi a kicin, na ɗauka rufin gidan ne ya rufto. Ɗan kunnena na bugun wuyana ina jin sa kamar ana dukan ƙarfe. Maganar Mama kuwa tana nan a dame yadda take, sai dai damammen ya ƙara ƙarfi. Kawu na ta cewa da sannu zan saba, sai ga maƙwabciyarmu ta yi sallama ta ce mu duba, butar shayinmu ta tafasa tun ɗazu. Mama ta zare abin daga kunnena ta jefa a durowa. Kwana biyu na yi kaina na sarawa.

"Kin gani ko?" ta ce. "Ba mai sake kawo min zancen na'ura a gidan nan sai bayan biki."

Da na haƙura, sai wani abu ya faru. Wata yamma ana tsakiyar hira wayar Gwaggo ta mutu. Ban sani ba, ina nan ina jiran zuuu, shiru. Sai na ga abin da ban taɓa gani ba, Mai Gilashi ya ɗago kai. Ya dube ni ido cikin ido, ya yi magana a hankali, gashin bakin na motsi, idonsa ya kaɗa ya yi ja. Ya gama, ya tsaya yana jira. Na duba cinya, ba komai. Na laluba cikin amsoshin Gwaggo na ɗauko wadda ba ta taɓa ba ni kunya ba.

"Allah ya kawo sauƙi," na ce.

Ya daɗe yana kallona, sannan ya mayar da kansa ga takalminsa. Bayan ya tafi Gwaggo ta ce wai cewa ya yi yana son ya ga tsufana. Kalma ce mai daɗi, amma ba ta sanyaya min rai ba. Mutum ya ɗago kai sau ɗaya a rayuwarsa ya ba ni magana hannu da hannu, ni kuma na bar ta ta faɗi ƙasa. Abin ya yi min ciwo fiye da tafiyar mai sa kati. Washegari na nemi izini a shago, na nufi asibitin kunne ban gaya wa kowa ba.

Likitar wata 'yar gajeriyar mata ce, irin masu magana suna fuskantarka, kowace kalma da gefenta. Ta leƙa kunnuwana da 'yar fitila, ta sa ni a wani ɗan ɗaki mai kama da cikin firij, ta ɗora min abin sauraro a ka, ta ba ni maɓalli. Ta ce duk lokacin da na ji ƙara in danna. Ta rufe ƙofa. Na ga tana kallona ta gilashi, na ce kada in bar baiwar Allah tana jira, na danna. Na ɗan dakata yadda ya kamata, na sake dannawa. Ta buɗe ƙofar.

"Ban kunna ba tukuna," ta ce.

Na ji kamar in nutse.

"Kin saba amsa abin da ba ki ji ba, ko? Nan ba wanda za ki faranta wa. In ba ki ji ba, ki zauna abinki."

Ban san sanda hawaye ya zubo min ba. Tun ina 'yar makaranta ba wanda ya taɓa ba ni wannan izinin.

Da aka gama ta nuna min zanen kunnuwana, layi biyu suna gangarawa. Ta ce akwai sautukan da nake kamawa, akwai waɗanda ke wuce ni. Na ba ta labarin kwalin Kawu, ta dafe kai. Ta ce irin wannan komai yake ɗagawa, da wanda nake buƙata da wanda ba na buƙata, kuma da na daure na saba, da zai iya ƙarasa min ɗan jin da ya rage. Na kirki kuwa sai an saita shi daidai da kunnen mai shi, kamar yadda nake yanka riga daidai da jikin mai ita.

Ta jero min su a faranti. Idona ya faɗa kan wani ɗan mitsitsi da ke shigewa cikin kunne ya ɓace.

"Wannan nake so."

"Saboda me?"

"Ba a ganin sa."

"Shi ya fi kowanne tsada, kuma ƙarfinsa bai kai abin da kunnenki ke nema ba. In kika saye shi, kuɗin ɓoyewa kika biya, ba kuɗin ji ba." Ta ɗauko wani mai lanƙwasa da ke zama a bayan kunne, da siririn bututu. "Wannan ne naki, kuma guda biyu, don duk kunnuwan suna buƙata. Yanzu ki yi min tambayoyi. Ko ba a nan za ki saya ba, kada ki ba kowa kuɗinki sai ya amsa miki su. Za a bar ki ki gwada, in bai yi ba ki dawo da shi? In ya lalace wa zai gyara, kuma har yaushe garantin yake? Dawowa saiti a cikin kuɗin yake ko daban? Mai caji ne ko mai batir?"

Na maimaita mata tambayoyinta ɗaya bayan ɗaya, ta amsa min kamar ba ita ta ba ni su ba. Kan maganar caji ta tambaye ni ko wuta na zama a gidanmu. Na tuna wayar Gwaggo, na ce a ba ni mai batir.

Sannan ta rubuta kuɗin a takarda. Na daɗe ina kallo, don da farko na ɗauka lambar wayarta ta ba ni.

A hanyar komawa kaina ya yi ta lissafi, kuma duk inda ya zaga wuri ɗaya yake dawowa, wurin wadirob. Mama ta ba kafinta aikin wadirob ɗin ɗakina, mai ƙofa shida da madubi, kuma rabin kuɗin gumin ɗinkina ne. Ƙofa shida ta ce, saboda 'yar maƙwabciyarmu mai biyar aka yi mata. Duk baƙon da ya zo gidanmu sai ya ji labarin ƙofofin nan kafin a ba shi ruwa. Da na auna, ɗan mitsitsin zai cinye wadirob ɗin duka ya haɗa da gado. Mai lanƙwasar kuwa, kowane kunne ƙofa biyu.

Na sami kafinta yana fere katako, fensir a bayan kunne. Na yi sa'a ɓangare ɗaya kawai ya haɗa.

"A tsaya a nan," na ce. "Ƙofa biyu ta isa. Sauran kuɗin nake so."

Ya ajiye abin ferewa ya matso ya tsaya a gabana. "Ƙofa biyu? 'Yar nan, wannan ai akwati ne aka tsayar."

"Kayana ba su da yawa."

"Hajiya ta sani?"

"Za ta sani."

Ya kalle ni, ya kalli katakon, ya girgiza kai. "Zan ba ki. Amma ki sani, ranar da zan kawo shi ba zan kashe mota ba."

Ranar da aka sa min na'urorin a kunne, abin da na fara ji shi ne muryata. Ashe shekara da shekaru ihu nake yi wa mutane. Likitar ta yi ta saiti a kwamfuta tana tambayata, har maganarta ta fito tas, kowace kalma a wanke. Na fito titi na ji takalmina na magana, leda na magana, tsuntsaye a kan wayar wuta suna ta surutu ba mai tsawata musu. Na ja ɗankwali na rufe kunnuwana na shiga gida. Kwanakin da suka biyo baya na gano ƙofar kicin ɗinmu na kuka, agogon falo na da baki, kuma Mama na 'yar waƙa a ƙasan maƙoshi in tana girki, wadda rabona da ji tun kafin zazzaɓin. Na tsaya a bayanta na ji ta har ƙarshe, ba ta sani ba.

Ban gaya wa kowa ba. Na ƙudura cewa ranar da zai zo zan ji kalamansa da kunnena, sannan in faɗa masa gaskiya. In zai je sa kati, ya je.

Ranar ta zo. Na sa doguwar rigata ruwan toka wadda na ɗinka da kaina, na ɗaura ɗankwali ya sauko har kan kunne, na yafa mayafi. Ina zama na ji an ja 'yar kujera a bayan labule, ƙiii. Na ji Gwaggo ta zauna da nishi, na ji farcenta a kan waya, ƙas, ƙas. In ni da na'ura ina jin wannan, shi mai lafiyayyen kunne fa?

Ya yi sallama. Jama'a, muryar! Na daɗe ina ƙera masa murya a raina, mai kauri irin ta masu karanta labarai. Ashe siririya ce, a shaƙe, kamar ƙofar kicin ɗinmu. Ya zauna, ya sami takalminsa, ya gaishe ni. Sannan ya ɗan karkata.

"Gwaggo, ina wuni? Ya ƙafar?"

"Da sauƙi, ɗan nan," labule ya amsa ƙasa-ƙasa. "Ka zo min da man shafawar?"

"Yana aljihu. In zan fita zan ajiye a inda na saba."

Cinyata ta yi zuuu. "Ya ce yau kin fi jiya kyau. Ki ce: kai ma haka."

"Kai ma haka," na ce, don bakina ya riga ya saba.

"Na gode," ya ce wa takalminsa. "Gwaggo, ki ce mata na samu gidan. Ɗaki biyu ne, da famfo a ciki. Tagogin ƙanana ne, na cire na sa manya, don haske ya riƙa shiga sosai ta riƙa ganin bakin mutum. Gashin bakin nan ma in ta ce in aske, zan aske."

"Kai dai ba ka da zance sai famfo da taga," in ji Gwaggo. "Wace budurwa ka taɓa ji an sace wa zuciya da famfo? Yi shiru in yi tunani."

Ƙas, ƙas, ƙas. Ashe duk shirun da nake ɗauka ajiyar zuciyar masoyi ce, faɗa ake yi masa. Zuuu. "Ya ce zuciyarsa gida ce, ke kaɗai ke da makullin. Ki ce: Allah ya sanya alheri."

Ban ce ba. Ina kallon rubutun yana rawa a idona. Haushi ya taso min, kunya ta danne shi, wani abu mai ɗumi kuma ya taso ya danne su duka. Manyan tagogi.

"Ba ta amsa ba," ya ce.

"Sabis ne. Jira."

"Gwaggo, don girman Allah, yau dai ki faɗa mata na sani. Tun ranar da na zo awon taga na sani, na yi mata magana ta baya sau uku ba ta juyo ba. Ƙafafunki ma tun zuwan farko nake ganin su a ƙasan labule."

"Na ce maka in ta san ka sani, kunya ba za ta bar ta ta sake fitowa falon nan ba. Ka san abin da na farkon ya yi mata."

"Ni ba shi ba ne. Ranar da wayarki ta mutu na ɗago na faɗa mata da bakina, na ce na sani kuma ban damu ba. Ta ce min Allah ya kawo sauƙi." Ya goge fuska da tafin hannu. "Na je asibitin kunne na tambayo. Da tsada, amma na fara tarawa. Na kunne ɗaya ya kusa cika."

Farcen Gwaggo ya tsaya. Da Gwaggo ta sake magana, da wata murya ta yi wadda ban san tana da ita ba.

"In ta samu kunne, ni kuma fa? Ranar zuwanka ce kaɗai ake nemana a gidan nan."

Can cinyata ta yi zuuu. Kalma uku ce kawai. "Ki yi murmushi."

Na kife wayar a kan kujera. Na ɗago kai, na gyara murya, na rage ta yadda likita ta koya min.

"Famfon," na ce, "kullum yake zuwa, ko sai da asuba?"

Wani abu ya faɗi a bayan labule, na tabbata waya ce. Mai Gilashi ya ɗago a hankali kamar mai ɗauke da gilashin mutane. Na sa hannu na ja ɗankwalina baya, na juya masa kunnen dama, sannan na hagu. Ga su nan a fili, masu lanƙwasa, kowa na iya gani. Zuciyata na bugu har ina jin ta a cikin na'urar. Ya leƙo ya duba su da idon mai sana'a.

"Sun zauna daidai," ya ce. Daga nan bakinsa ya mutu. Ya buɗe, ya rufe, gumi ya karyo masa. Mutumin da ya yi watanni yana zuba a gabana ya rasa kalma ɗaya, saboda yanzu akwai mai ji. Ya juya ga labule a firgice. "Gwaggo, me zan ce?"

"Ka faɗa mata famfon," in ji Gwaggo, tana jan hanci. "Shi take so, mara aji."

Ya haɗiye yawu. "Kullum yake zuwa," ya ce, yana kallona. "Sai dai ranar da bai zo ba."

Na yi dariya da duk haƙoran da Allah ya ba ni, ina yi ina hawaye. Na tashi na yaye labulen. Gwaggo na zaune a 'yar kujerarta, tabarau a hannu, ta ƙanƙance kamar yarinyar da aka kama da hannu a sukari.

"Gwaggo, duk kalaman nan na wane ne?"

"Na wanda ya faɗa min su ne," ta ce, ba ta dube ni ba. "Mijina, kina goye ya rasu. Suna nan ajiye ba mai amfani da su, na ce gara a ba yarinya."

Na durƙusa na riƙe hannunta, yatsan nan ɗaya da ya yi ta wahala a kaina. Na rasa abin cewa, kuma ba mai rubuto min. Mai Gilashi ne ya cece mu. Ya zaro man shafawar ya miƙa mata hannu da hannu.

"Gwaggo, ai aiki bai ƙare ba. Kin dai ji yadda nake. Duk ranar zuwana sai in fara biyowa ta wurinki, ki ba ni ɗaya in haddace."

Ta mayar da tabarau ta ƙare masa kallo daga sama har takalmi. "Kai? Sai ka shekara a kan ta barcin nan kaɗai." Amma na ga ta gyara zama.

A daidai nan na ji abin da da can ba zan ji ba. Mota ta tsaya a ƙofar gida, ba a kashe ta ba. Aka sauke wani abu mai nauyi da sauri, aka buga ƙofar mota, ta bar layin a guje. Na ji takalmin Mama ya fito daga kicin, tana kiran maƙwabciyarmu ta katanga da murna, wai ta zo ta ga abin arziki. Na ji an yaye ledar da aka rufe shi da ita.

"Ɗaya," in ji Mama. "Biyu."

Sai ta yi shiru. Wannan shirun ma, 'yan uwa, da kunnuwana biyu na ji shi.